’Yar Tsanar Da Ta Ƙi Barin Gida

Akwai wata malamar jami’a a nan tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, Dakta Nunzia. Shekara huɗu tana auna tudun da ƙauyensu yake kai, ta gano ƙasar ta sha ruwa, zaftarewa kawai take jira. Gidan mahaifiyarta, Donna Rosalia, shi ne na bakin gangare.

Nunzia ta rubuta rahoto shafi ɗari uku ta raba wa mutanen ƙauyen. Mai gidan burodi da nasa ya tokare ƙafar tebur.

Kawunta Turi, mai wasan ’yar tsana, ya ce ta ba shi labarin ya saka a wasa. Ta yatsine fuska. “Kawu, wannan ilimi ne fa, ba wasan yara ba.”

Damina ta matso, bangon ɗakin girkin Donna Rosalia ya tsage har hannu yana shiga. Nunzia ta rasa inda za ta sa kanta. Ta san abin da ke tafe, ba ta iya ɗauke uwar, ba ta iya tafiya ta bar ta.

“Mama, don Allah ki zo mu koma birni.”

“Ke da takardunki. A gidan nan na haife ki. Zauna ki ci taliya.”

Dole ta koma wajen Kawu Turi, kai a ƙasa. Ya ce, “To faɗa mini yadda za ki faɗa wa jakina.”

Ranar Lahadi aka cika dandalin coci don kallon wasan. Kawu ya gina tudu da laka, ya jera ƙananan gidaje, yana kwarara ruwa daga sama. A gidan ƙarshe akwai wata tsohuwa ’yar tsana mai baƙin ɗankwali, tana ta juya miya tana korar masu roƙonta.

Mutanenmu dama ba sa kallon wasa baki rufe. Da lakar ta fara motsi, muryar Donna Rosalia ta fi ta kowa: “Fito mana, tsohuwar banza mai taurin kai!”

Sai ta lura ƙofar ƙaramin gidan koriya ce, irin tata. Ta gane da kanta take.

Washegari ta ɗaure kayanta, har da tukunyar miya, ta bi Nunzia birni. Bayan sati uku ɗakin girkinta ya gangara kwari, ba kowa a ciki.

Darasi: Ilimin da mutane ba su gane ba, bai ceci kowa ba. Kada ka raina wanda ya iya ba da labari. Ku tura wa masu karatun da kuka sani.