Telan da Aka Naɗa Alƙali a Wasa

Akwai wani mutum, tela, wanda yake da teburi babba a zaurensa inda yake yankan yadi. Kowace Lahadi da yamma, bayan an taso daga sujada an ci abinci, sai ya kwashe yadin, maƙwabtansa uku su zo su zauna kewaye da teburin su yi wani wasa.

Ga yadda wasan yake. Babbansu, wani tsohon malamin makaranta da suke kira Baba Istifanus, shi ne mai ba da labari. Yakan ƙirƙiro gari da mutanensa da masifunsa, sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, yana magana da bakinsa, yana zaɓar abin da zai yi. In abu ya yi wuya, sai a jefa ƙwayar lido ta raba gardama. Habila, manomin da gidansa ke jikin na telan, shekara biyu yana riƙe da wani maharbi a labarin, yana kuwa ƙaunar maharbin nan kamar ɗan cikinsa.

To, akwai abin da ke cin telan a zuciya. Wata rana a taron maza na ikilisiya ya tashi ya kawo shawara, Habila ya yi masa gyara a gaban jama'a, har wasu suka yi dariya. Habila ya manta tun a ranar. Telan bai manta ba.

Ana nan sai labarin ya kai inda alƙalin garin ya mutu, aka jefa ƙwaya, alƙalanci ya faɗa wa telan. Ba a daɗe ba Baba Istifanus ya ce, "An yi yunwa a garin. An fasa rumbun jama'a, aka kuma kama maharbi a bayan rumbun da dawa a jakarsa. Alƙali, ga shi a gabanka."

Habila ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in kira shaidu."

Telan ya ce, "Ba na bukatar shaidu."

Baba Istifanus ya ɗago kai ya dube shi. "Ɗana, a dokar garin nan ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa."

"Baba, ni ne alƙali ko kai?" in ji telan. Sai ya bugi teburin ya ce, "Mai gyara wa mutane magana, yau ga shi ɓarawo. A karya bakansa, a kore shi daga garin, kada ya ƙara dawowa."

Habila ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, ashe ba maharbin ka kora ba." Ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Baba Istifanus ya ce, "Da ka saurara, da ka ji cewa maharbin ya bi sawun ɓarayin ne ya ƙwato dawar, yana kan hanyar maido ta aka kama shi."

Telan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ai wasa ne." Ba wanda ya taya shi.

A ransa ya san ya yi laifi. Ya ce gobe zai shiga gidan Habila. Goben ta zo, kunya ta hana shi. Habila bai daina gaishe shi ba, amma bai ƙara taka zauren ba, sauran ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Da kaka ta yi, Habila ya sami gona a wata ƙasa mai nisa ya kwashe iyalinsa, telan kuwa yana tsaye a ƙofa ana ɗora kaya, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Har ya tsufa, in ya tuna, yakan ce, "Iko na yamma ɗaya aka ba ni, na ƙarya ma, na sayar da ɗan'uwana da shi."

Ma'anar misalin nan ga ta, 'yan'uwa. Teburin shi ne duk inda aka ɗora ka a kan wani, ko a gida, ko a aji, ko a ƙungiyar mawaƙa, ko a majalisar dattawa. Kujerar da ka hau ta aro ce, Ubangiji ne mai ita. Alƙalancin telan na wasa ne, amma ƙullin da ke zuciyarsa na gaske ne, raunin da ya yi wa Habila ma na gaske ne. Iko bai sa masa mugunta ba, ƙofa kawai ya buɗe mata. Saboda haka kafin ka zauna ka yi wa wani shari'a, ka fara kai fushinka gaban Allah, ka kuma bar mutum ya faɗi nasa. In kuwa ka riga ka yi irin ta telan, kada ka ce sai gobe. Wanda ka ɓata wa yana nan kusa yau. Tashi ka je.