Yadda Gada Ta Rabu da Madaciyarta

Dalilin da ya sa in an feɗe gada ba a samun madaciya a jikin hantarta, ku matso ku ji, don ni kaina in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A can da, gada ta fi kowace dabba madaciya, wata ƙatuwa kamar buta. Ruwan ɗacin nan shi ke narkar mata da duk abin da ta haɗiya, ko da ƙwallon goriba ne. Ɗacin ya ratsa namanta, har kura in ta gan ta sai ta tofar da yawu ta wuce. A fili gada ke kwana, ita da 'yarta guda.

Wata rana a bakin tafki barewa ta ce, "Ƙawata, ni kowa so na yake. Ke kuwa ko ungulu ba ta kallon ki."

Maganar ta tsaya wa gada a rai. Ta ja 'yarta sai wurin zalɓe, wanzamin dawa.

"Sarkin aska, cire mana wannan abin kunya."

Zalɓe ya saki baki. "Subhanallahi! Baiwar Allah, to da me za ki narkar da abinci?"

"Aiki aka kawo maka, ba wa'azi ba."

Ya zura dogon bakinsa, ya ciro ta uwa, ya ciro ta 'ya.

Tun daga ranar, abinci ya fara tsaya wa gada a ciki kamar dutse, sai ta dawo da shi baki ta sake taunawa. Amma wawiyar ba ta hankalta ba. Ta ja 'yarta har ƙofar ramin kura tana yanga.

"Yaya Kura, mun fa daina ɗaci."

"Haba dai! Turo 'yar nan in lasa in shaida."

Jama'a, ta tura! Ita da kanta ta tura! Kura ta lasa sau ɗaya, idonta ya yi ja. Kafin gada ta ƙifta ido, ba abin da ya rage sai kofato.

"Wallahi gaskiyarki," in ji kura, tana lasar baki. "Ke ma matso."

Gada ta faɗa cikin sarƙaƙiya da gudu.

Shi ya sa har yau gada ba ta da madaciya. Ganye mai laushi take tsinka, ta laɓe tana tuƙa, ko kara ya motsa sai ta zabura. In kuwa ta haihu, sai ta ɓoye ɗan cikin ciyawa, ba ta nuna wa kowa.