Gwiwar Dodo Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Akwai wani ɗan kokowa a Barmu mai suna Dodo. Allah ya ba shi ƙirji, ya ba shi wuya, ya ba shi murya. Sauran kayan, da alama, an raba su ran da ba ya nan.

Kirarinsa guda ne: "Ni ne Dodo na Barmu! Gwiwata ba ta san ƙasa ba! Ban hwaɗi ba, ba ni hwaɗuwa!"

Ba ƙarya yake ba. A kokowar bayan girbi ta ƙauyuka, ba a taɓa kada shi ba. Sai dai tun da kirarin ya kama shi, ya zame masa kaya a ka.

Wata safiya yana ɗaura layu, kawunsa Mansur, tsohon ɗan kokowa, ya ji shi yana ƙunƙuni.

"Mi kake ce ma kanka, ɗan nan?"

"Cewa nike: kada ka hwaɗi, kada a yi maka dariya, kada Barmu ta ji kunya."

"To, ka gaya ma jikinka abin da ba za ya yi ba. Mi za ya yi?"

Dodo ya yi dariya. "Kawu, ku da kunka sha ƙasa ku ne ke da wagga tambaya."

Tsohon ya ci gaba da shan shayinsa.

Ranar zaɓen ƴan kokowar da za su wakilci jiha a gasar ƙasa, aka taru a filin kokowa na garin Tawa. Gurbi ɗaya ya rage, mutum biyu ke nemansa: Dodo da wani Sadiƙu na Tebaram. Sadiƙu siriri ne, an kada shi sau da yawa har shi ma ya daina ƙidaya. Kirarinsa kuwa ba ya tada ko akuya.

Dodo ya wuce ta gabansa, ya ji shi yana ce wa kansa: "Sauke ƙugu. Matsa gaba. Nemi ƙahwa."

"Jama'a, ku zo ku ji!" in ji Dodo. "Wanga shina koya ma kainai kokowa yau, ranar kokowa! Ɗan Tebaram, in ka gama karatun ka aiko a kira ni."

Magoya bayansa suka kwashe da dariya. Aikinsu ke nan, kuma sun iya.

Makaɗa suka ɗauka, alƙali ya busa usur.

Sadiƙu ya sauke ƙugu, ya matsa gaba, ya kai hannu ga ƙafa. Dodo ya ji an taɓa masa gwiwar nan mai daraja, sai ya ja da baya. Bakinsa na motsi: kada, kada, kada.

Sadiƙu ya sake matsowa. Dodo ya sake ja. Alƙali ya ba shi gargaɗi na ƙin kamawa.

"Dodo, kama shi mana!" in ji Kawu Mansur daga bakin fili. "Rabinka ne hwa!"

Ina! Mai kamawa sai ya sunkuya, mai sunkuyawa kuwa gwiwarsa kusa take da ƙasa. Dodo ya yi ta zagayen fili da baya da baya, har wata mai sayar da ruwan sanyi ta ɗaga murya: "A ba shi kabu-kabu mana, ya gaji da tahiya!"

Gargaɗi ya ƙaru. Lokaci ya cika. Alƙali ya ɗaga hannun Sadiƙu.

Suka shiga mota, suka kama hanyar komawa Barmu. Can Dodo ya yi gyaran murya.

"Amma dai Kawu, kowa ya gani. Ban hwaɗi ba."

Tsohon ya dubi gwiwar, tas da ita, ko ƙwayar yashi babu.

"Ƙwarai kuwa. Ka adana ta da kyau. In an buɗe gasar, sai ku zamna kai da ita ku ji Sadiƙu a rediyo."

Darasi: Jikinka na sauraron abin da kake gaya masa, kuma ya fi ka biyayya. In "kada" kaɗai ka iya ce masa, zai tsaya gadi ya bar aikin. Gaya masa abin da zai yi, a gajarce, ka kuma daina raina mai yin haka. Ku tura wa ƴan wasan unguwarku, musamman wanda kirarinsa ya fi shi ƙarfi.