Gwiwar Tambai da Dogaran Suri

Ƙawata Yalwa, ajiye tsintsiyar nan ki matso kusa da wuta, yau har da ke za a yi. Ku kuma yara, a yi mini shiru. Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta, Inna!

An yi wani babban suri a gindin wata kanya, gara cike da shi maƙil. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai suna Tambai, ita ce shugabar masu yaɓe. Kun san Allah bai ba gara ido ba, komai da lalube take yi. Dogaran gidan ma makafi ne, babbansu kuwa Zago, ɗan ƙanen Tambai. Ita ta goye shi.

To, yaya makaho zai gane ɓarawo? Ga dabararsu. In sun kama ɓarawo, sai su danna ɗanyar laka a wata gaɓa ta jikinsa, su bar ta ta bushe, ta fito da rami daidai siffar gaɓar. Shi suke kira ma'auni. Kowane dogari da nasa a baki, wannan na ƙugun cinnaka, wancan na kan kwarkwasa. Duk wanda ya zo wucewa sai a kafa masa. In bai zauna ba, "Wuce, ɗan gida." In ya zauna daram, sai cizo.

Ana nan, sai bangon suri ya tsage daidai ɗakin ƙwai, inda 'ya'yan gidan suke kwance ba su ƙyanƙyashe ba. Cinnaka, ɓarawon ƙwai, ya ga tsagar, yawunsa ya tsinke. Amma ga Tambai da mutanenta sun durƙusa suna ta yaɓe, tsaga tana ta tsukewa. Shi yana da ido, sai ya zauna yana kallo. Ya lura duk mai yaɓe gwiwarta ta yi kanta saboda durƙuso, kanta zagayayyiya kamar ƙwayar gero.

Sai ya tafi kan dutse ya durƙusa da ƙafa ɗaya. Ya goga, ya goga, ya goga, har tasa gwiwar ta yi kanta irin tasu sak. Ya zo ƙofar suri da rana tsaka, ya yi ihu, "Ga ɓarawo ya zo!" Ya zura ƙafar. Zago ya cafke. Cinnaka ya fizge, ya bar masa ƙafar a baki, ya ce, "Riƙe, sadaka ce."

Dogarai suka yi ta murna. Suka danna laka a gwiwar, suka yi sabon ma'auni, suka raba wa samarinsu.

Da safe Tambai ta taho da laka a ka, za ta wurin tsaga.

"Tsaya!"

"Ni ce, Zago."

"Na ji muryarki, Gwaggo. Ina kwana? Miƙo gwiwa."

"Gwiwar me? Aiki nake da shi."

Wani saurayin dogari ya kafa mata ma'auni, Zago ya tambaye shi:

"Ya zauna?"

"Ya zauna daram!"

"A cije!"

"Wayyo Allah! Kai ɗan nan, ni ce na goye ka, har fitsari ka sha yi mini a baya!"

"Ban musa ba, Gwaggo. Amma ma'auni ya zauna."

"To ni ɓarauniya ce?"

"Ni ban ce ba. Gwiwarki ce ta ce."

Tambai ta ja ƙafa ta koma, gwiwa ta kumbura suntum. Ranar duk mai yaɓen da ta fito sai da ta sha cizo. Masu ɗebo ruwa suka wuce lafiya, masu raino suka wuce lafiya, su ba su da kanta. Laka ta bushe a ƙasa, tsaga ta ƙara buɗe baki.

Tambai ta rarrafa har wurin Uwar Gida, sarauniyar nan mai ƙiba da ke kwance tana zuba ƙwai. Ta ce, "Ranki ya daɗe, karnukanki sun juyo kanmu. 'Ya'yanki suna kwance iska na dukansu, mu kuma an hana mu toshewa."

Uwar Gida ta yi hamma ta ce, "Abu mai sauƙi. A karɓe ma'auni duka."

"Duka, ranki ya daɗe? Guda ɗaya ne mai ɓarna."

"Wa zai tsaya tantancewa a cikin duhun nan? Duka."

Aka karɓe. Kafin gwiwoyin masu yaɓe su sace, kwarkwasa ta shigo ta ƙofa har da sallama. Dogarai suka lalube ta da baki wayam, suka ce, "Wuce, ɗan gida." Cinnaka ya biyo baya yana ɗingishi, shi ma, "Wuce, ɗan gida." Suka kwashi ƙwai iya son ransu. Uwar Gida ta sa kururuwa, "A mayar wa dogarai ma'auninsu! A mayar musu duka!"

Aka mayar. Tambai ta sake ɗauko laka.

"Tsaya! Miƙo gwiwa."

"Zago, jiya-jiyan nan ka sa aka cije ni. Ba ka gane ni ba?"

"Na gane ki sarai, Gwaggo. Ya jiki?"

"Ya zauna?"

"Ya zauna daram!"

"A cije!"

Tambai ta zauna a lungu tana huci. Ta ce, "Ya Allah, Ka ba ni haƙuri da 'ya'yan ƙanena. In an bar su, su cinye mu. In an hana su, a cinye mu." Tana magana tana shafa gwiwar, tana jin yadda kantar ta zagaye, inda ta yi tudu, inda ta lotsa. Sai ta ce a ranta, wawayen nan ba ni suke cizo ba, siffar nan suke cizo.

Ta tara masu yaɓe ta ce, "Kowa ta shafa gwiwarta da kyau, ta mulmula mini irinta da laka. Kada tudu ya fi tudu, kada lotsawa ta fi lotsawa." Suka mulmula. Wadda ba ta yi daidai ba Tambai ta murƙushe ta, ta ce a sake. Da suka gama, ta sa aka shafe su da danƙon ƙaro, aka mirgina su zuwa ƙofa.

"Tsaya!"

Mai ma'aunin ƙugu ya kafa, bai zauna ba. "Wuce, ɗan gida." Mai ma'aunin kai ya kafa, bai zauna ba. "Wuce, ɗan gida." Masu ma'aunin gwiwa kuwa, "Ya zauna daram!" Suka kai cizo, baki ya liƙe, ma'auni ya liƙe. Suka zauna suna gurnani, kowa da dunƙulensa.

Tambai ta wuce ta gabansu da laka a ka, ta ce, "Sannunku da aiki." Masu yaɓe suka durƙusa a kan kumburarrun gwiwoyi, suna yi suna tsaki, har tsaga ta rufe ruf.

Cinnaka ya zo ya ci karo da ɗanyen bango. Ya zagayo ƙofa, yana zaton dogarai na can kan masu yaɓe. Sai ya ji an kafa masa abu a ƙugu.

"Ya zauna?"

"Ya zauna daram!"

Cizon da ya sha ke nan har ƙugunsa ya kusa tsinkewa. Ku duba cinnaka ku gani, har yau ƙugun bai cika ba.

Zago ya zo yana taƙama ya ce, "Gwaggo, yau mun kama ɓarayi rututu, sai dai duk gwiwa ce babu jiki."

Ta ce, "Madalla. To a fasa ma'aunin nan."

"Haba Gwaggo, ba a fasa ma'auni. In ɓarawon ya dawo fa?"

Tambai ta haƙura ta koma wurin lakarta. Daga ranar, kullum kafin ta taɓa aiki sai ta mulmula wa dogarai gwiwoyin laka. Ranar da ta manta kuwa, a kan tata ake hucewa.

Kun ji, yara: mai gadin da ya san siffa bai san zumunci ba, ba a korarsa, ba a kuma sakar masa gida. Ƙurunƙus, ta naɗe tabarmarta. Ku tashi ku yi addu'a.

Ke kuma Yalwa, miƙo yatsun nan masu kumburi in gani. Likita ya ce dogaran jininki ne suka ga wata siffa a gaɓoɓinki ta yi musu kama da ta cuta. Babu wanda ya jefe ki. Ki riƙa shan maganinki kullum ko da ciwon ya lafa, Allah shi ne mai warkarwa. Amma don Allah kada ki gaya wa kowa daga bakina kika ji. Kin san mutanen gidanku, sai su ce na raina mai maganinsu.