Wataƙilar da Zailani Ya Yar

Aminiyata Safiyatu, kin tambaye ni abin da ya raba ƙanena Zailani da tuƙi. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya jin magana har ƙarshe. Rabin da ya yi masa daɗi yake ɗauka.

Direba ne a wata gonar gwaji a Samaru, a gidanmu yake cin abinci. Shekarar da aka koma tuƙin hannun dama likita ya ce yana da ciwon suga, ya ba shi ƙwayoyi da kati. Wata rana ya ɗauko Adebayo, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, a mota. A cikin hira Adebayo ya ce akwai wani abu a ganyen koren shayi da wataƙila yake rage saurin shigar sukarin abinci cikin jini. Tun daga ranar Zailani ya koma zama wurin Buzaye masu gadi a Sabon Gari, ana dafa shayi.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yana ramewa, ruwa kwano biyu ba ya kashe masa ƙishi. Na kuma lura duk lokacin da ya fito daga makewayi sai tururuwa ta taru a wurin.

Na ce, "Zailani, kana shan maganinka kuwa?"

Ya ce, "Yaya, ke da zargi. Na samu wanda ya fi shi, masu ilimi suka faɗa."

"Wane mai ilimin?"

"Wanda ya fi mai karanta littafin 'yan aji biyu."

Ya yi dariya, don ya san da littattafan yarana na koya wa kaina karatu. To karatun nan ya yi rana. Na zo wanke rigarsa sai ga katin asibiti a aljihu. Na bi shi baƙi baƙi, ashe ranar komawarsa ta wuce da wata huɗu. Na yi masa magana, ya rantse zai je. Bai je ba.

Ranar wata Talata a hanyar Hanwa idonsa ya rufe, ya zuba mota a rami. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Likita ya ce suga ya riga ya ci idon.

Ina gefen gadonsa Adebayo ya zo dubiya. Ya ce, "Zailani, wataƙila na ce, ban ce ka bar magani ba. Sukari nawa kake sawa?"

"Yadda Buzaye suke yi."

"Dunƙule nawa?"

"Shida a 'yar buta. Zagaye uku."

Adebayo ya riƙe baki. Yanzu Rahamatu 'yata ke jan hannun Zailani zuwa masallaci.

Darasin shi ne, idan mai ilimi ya ce wataƙila, kada ki yar da kalmar nan don ba ta yi miki daɗi ba, kuma kada ki bar maganin likita saboda hirar mota. Ki gaya wa yaranki darasin, amma don Allah sunansa ya tsaya tsakanina da ke. Mutanen Samaru har yau sun ɗauka birki ne ya tsinke.