Injin da Ba a Ji Muryarsa Ba

An yi wani Sarkin Maƙera a garin Dutsin Tama, sunansa Jatau, gwani ne a sana'a amma mai saurin hawa. Maƙerarsa ta gado ce tun kaka da kakanni, tana tsakiyar gari, a cikinta kuma akwai uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a daka, wadda ba wanda ya san shekarunta. Yana da Madaki mai ba shi shawara, wani dattijo da ake ce wa Barmo. Baƙo ne, shekara biyar da suka wuce ya zo garin da yatsu uku a hannun hagu. Bai taɓa faɗa wa kowa inda sauran biyun suka tafi ba, fuskarsa ma ba ta ba da damar a tambaya.

Wata Laraba da hantsi Sarki ya kira Madaki cikin rumfar maƙera, ya miƙa masa waya. Bidiyo ne na wani injin sassaƙar ƙarfe na hannu, kore shar, yana juyawa, an ɗora masa kiɗa mai daɗi.

"Duba nan, Madaki," in ji Sarki. "Yau duk manomin da injin ban-ruwansa ya lalace birni yake kai shi, mu an bar mu da fartanya da lauje. Wani Alhaji ne a can birnin bakin teku yake sayar da wannan. Mutum uku ke nema, ya ce don ni ya riƙe zuwa la'asar. Bayan azahar mai sayen filin maƙerar nan zai zo mu sa hannu, in tura wa Alhaji kuɗin."

Madaki ya kalli bidiyon har sau uku, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wa ya je ya gani?"

"Ba ga shi kana gani ba?"

"Wa ya buga shi?"

Al'adar maƙera ce, ko bakin fartanya ba sa karɓa sai sun ƙwanƙwasa shi da masaba. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi amo ya daɗe yana kuka, mai tsaga kuwa da an buga sai ya yi shiru. Sarki ya yi tsaki ya ce, "In yi kwana biyu a mota don in ƙwanƙwasa inji? An wuce wannan zamanin, Madaki."

Madaki ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce, "Ranka ya daɗe, raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba. Filin ubanka za ka sayar ka sayi kiɗa? Wallahi in ka yi haka, abin da ya sami Mati shi zai same ka."

"Wane ne kuma Mati?"

"Ara mini kunnenka zuwa azahar. In na gama, hannu naka ne, biro naka ne." Sai ya gyara zama ya fara.

Ranka ya daɗe, a wani gari can gabas an yi wani maƙeri mai suna Mati. Wawa ne, amma wawa mai hannu, irin wanda in an yaba aikinsa sai kansa ya kumbura ya daina jin magana. Wata rana ya ga inji a waya, fenti sai ƙyalli. Ya sayar da maƙerar ubansa, har da zuga-zugin da aka koya masa aiki da shi, ya kama hayar shago a bakin titi, ya tura wa mai injin rabin kuɗi, bisa sharaɗin sauran sai an sauke kaya. Ya yi ta yawo a gari yana nuna wa mutane bidiyo, har mahauta sai da suka gani.

Kwana shida sai ga babbar mota. Direban wani tsamurmurin mutum ne, Nakande, baki ja wur da goro. Da masu sauke kaya suka kama igiya sai ya tsayar da su, ya ja Mati gefe ya ce, "Maigida, muddin kayan nan na kan motata ciniki bai faɗa ba. Ɗauko masabarka ka hau ka buga shi. Ni na san injin nan, wannan ne karo na biyu da nake ɗauko shi. Kada a yi maka irin ta Kallamu."

Mati ya haɗe rai ya ce, "Me aka yi wa Kallamun?"

Nakande ya tofar da goro ya ce, "Saurara ka ji.

"Kallamu mai gyaran injin ban-ruwa ne a wani ƙauyen fadama, mutumin kirki, kunya gare shi kamar amarya. Da ya ga injin nan a waya bai yi gaggawa ba, ya kira mai shi, wani Alhaji, ya ce yana so ya zo ya duba. Ka san abin da Alhajin ya ce masa? Ya ce, 'Ɓarawo ka ɗauke ni ke nan? Ni da furfurata, na je Makka na dawo, sai an zo an bincike ni?' Shi ke nan Kallamu ya rikice, ya shiga ba da haƙuri, shi mai saye shi ne mai roƙon gafara. Ni na kai masa kayan.

"Ashe gadon injin, ƙarfen nan mai tsawo da komai ke zaune a kansa, a tsage yake. An cusa masa abin liƙi irin na masu gyaran jikin mota, an goge, an bi da fenti. Inji yana juyawa lafiya lau in ba a sa masa aiki ba, da an danna ƙarfe sai tsagar ta buɗe kaɗan, abin da ya sassaƙa ya fito a karkace, ido ba ya gani. Kallamu ya gyara wa manoma injuna sun fi ashirin, ana tsakiyar rani. Cikin mako biyu duk suka ci kansu. Albasa ta bushe a tsaye, mutanen da suka yi shekaru suna ce masa malam suka taru a ƙofar gidansa suna ce masa macuci. Bai iya haɗa ido da kowa ba, ya kwashe iyalinsa ya bar ƙauyen. Injin kuwa Alhajin ya aiko aka saye shi a matsayin tarkacen ƙarfe, ni na mayar da shi. A gabana aka sake fenti, da shuɗi ne, yanzu ga shi ja.

"Saboda haka, maigida, Kallamu kunyar Alhaji ya ji sau ɗaya, ya dawo yana jin kunyar gari guda. Kai wa kake jin kunya? Ga masaba can a rataye."

Ranka ya daɗe, ka san abin da sakaran nan Mati ya yi? Waigawa ya yi, ya ga rabin gari sun taru suna kallo, mata har da guɗa. Ya ce a ransa, in na hau na buga ya yi shiru, da wane ido zan dubi mutanen nan? Sai ya juye fushinsa kan direba. Ya ce masa maƙaryaci, ya ce kuɗin komawa yake nema, ya ce hassada ce irin ta wanda bai taɓa mallakar komai ba sai sitiyarin wani. Nakande ya kwance igiya da kansa, aka sauke, ya ja motarsa.

Washegari hannun da ake murzawa a matso da wuƙar injin ya karye. Wannan kaɗai ya isa mai hankali, amma ina. Mati ya ƙera wani da kansa, ya murɗe shi kamar igiya, ya yi masa tsaga uku a baki, shaidar gidansu. Kwana tara yana aiki, kwana tara masaba na rataye taku biyu daga inda yake tsaye, bai taɓa ɗaga ta ba. Ba mantuwa ya yi ba, tsoron abin da zai ji yake yi.

Ran na goma ya ɗaura wani ƙarfe mai nauyi ya danna. Tsagar ta buɗe gaba ɗaya, ƙarfen ya ƙwace ya fizgi hannunsa. Da ya farfaɗo a asibiti yatsu biyu babu. Shago ya rufe, filin ubansa an riga an zuba masa harsashin shaguna. Ko wata bai cika ba yaran Alhaji suka zo da fara'arsu da jajensu suka saye tarkacen, shi kuma ya sayar, ya san sarai abin da za a yi da shi. Wannan ne abin da har gobe ba ya yafe wa kansa. Maƙeri ne ɗan maƙeri, Ranka ya daɗe, kunnensa ya fi idonsa sanin ƙarfe, ya toshe kunnen ya bi ido.

Nan Madaki ya kai ƙarshen labarin. Sarki ya dubi hannun hagun dattijon, ya kawar da kai, ya ce a hankali, "Labarin ya taɓa ni. Amma na Mati ja ne, nawa kore. Injuna a duniya ai ba guda ba ne."

Madaki ya ɗauki wayar ya tura masa. "Tsayar da shi daidai nan. Ƙara girman hoton. Dubi hannun da ake murzawa."

Sarki ya buɗa hoton da yatsu. Hannun a murɗe yake kamar igiya, ga tsaga uku a bakinsa, fenti bai rufe su ba.

"Ni na ƙera shi," in ji Madaki. "Da yatsu biyar na riƙe awartakin."

Sarki ya latsa lambar Alhaji, ya buɗe murya yadda Madaki zai ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, gobe in Allah ya kai mu zan taso da masabata, in ƙwanƙwasa injin kafin mu ƙarasa magana."

Muryar ta fito da zafi. "Ɓarawo ka ɗauke ni ke nan? Ni da furfurata, na je Makka..."

Sarki ya kashe wayar. Daidai nan aka yi sallama daga waje, mai sayen fili ne da takardunsa, ya ɗan yi saurin zuwa. Sarki ya leƙa ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, a sha ruwa a koma. Filin nan ba na sayarwa ba ne."

Ya dawo ya tsaya a gaban Madaki ya ce, "Na ji, kuma na karɓa. Inji za mu saya, amma ba yau ba, kuma ba da filin ubana ba. Ranar da za mu saya, ni da kai za mu hau mota, ko kwana goma ne. Hoton nan kuma yau zan tura wa duk sarakunan maƙeran da na sani, da shaidar tsaga ukun, kada wani ya sake faɗawa tarkon."

Madaki ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Ka sa har da sunana na gaskiya, Mati. Na gaji da ɓuya."

Sarki ya ɗauko masaba daga jikin bango ya danƙa masa a hannun dama. Dattijon ya matsa kusa da uwar maƙera ya buga ta sau ɗaya. Amon ya tashi ya cika rumfar, ya fita har titi, su biyu suna tsaye suna saurare, ba wanda ya motsa sai da ya ƙare.