Sunan Wa Za a Raɗa wa 'Yar Barira?

Ku matso, masu son gardama, yau na kawo muku wadda za ta ishe ku.

A tsohuwar unguwarmu an yi wata yarinya, Barira, 'yar shekara bakwai, mai fitsarin kwance. Uwarta Hajo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta ɗauka ganganci ne, sai ta riƙa ɗana mata wuƙa mai zafi a baya. Maƙwabta suna jin ihu, kowa ya yi kunnen uwar shegu. Har yau abin yana ba ni kunya, domin ni ma ina cikinsu.

Inna Tabawa mai kitso ce ta gano. Ta zaunar da yarinyar a gabanta, gwiwa na taɓa bayanta sai ta zabura. Ta ɗaga rigar, ta gani. Hajo aminiyarta ce tun ƙuruciya, amma ta bar kai rabi a tsefe, ta ja Barira zuwa kwamitin kula da yara na unguwa. Mata suka ce ta tona asirin gida, da yawa suka daina zuwa kitso wurinta.

Malama Kubura, ma'aikaciyar jinya a kwamitin, ta tarar ƙunar ta ruɓe, zazzaɓi na neman ran yarinyar. Ta riƙe ta wata biyu a gidanta, kullum tana wankin zanen gado, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Ita ta gano fitsarin ciwon mara ne, magani ya raba ta da shi.

Matasa kuwa suka taso sai an kori Hajo daga unguwa. Gwaggo Indo, dattijuwar kwamitin, ta tare ƙofar Hajo da sandarta.

"Ku kore ta, sannan ku zo ku raba sauran 'ya'yanta huɗun nan a tsakaninku!"

Suka watse. Shekara guda tana zuwa gidan kullum, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta duba bayan kowane yaro, har Hajo ta durƙusa ta roƙi 'yarta gafara. Barira kuwa tun bayan wata biyun nan ta koma gida, ba a sake taɓa ta ba.

Yanzu Barira ta yi aure, ta haifi mace, mijin ya bar mata zaɓin suna. Ta rantse a cikin ukun nan za ta yi wa ɗaya takwara. Gobe suna, liman kuma suna ɗaya zai raɗa.

To, Tabawa, Kubura ko Indo, sunan wa za ta faɗa masa?